Me Ya Sa Sai Maraya Ya Zama Ɗan Sarki Kafin Ya Ceci Duniya?

A hutun zangon da ya wuce yayata ta kira ni a waya, murya a sama, wai in zo in yi wa 'yarta faɗa tunda ni take jin maganata. An kama ta ne ƙarfe biyu na dare a cikin bargo, tana haska wani littafin Turanci mai kauri kamar bulo da fitilar waya. A bangon littafin ga wani dodo mai fukafukai yana aman wuta. Ina shiga gidan yayata ta miƙo mini shi da 'yan yatsu biyu, kamar mai miƙa mushen ɓera. Ta ce, "Ka ga abin da 'yarka ke karantawa. Bokaye da matsafa. Jarrabawa saura wata uku, ita tana can tana yaƙi da aljanu."

Yarinyar sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa Uwata nake kiranta, kuma bakina ba ya iya yi mata irin faɗan da ake nema. Na ce ta zauna ta ba ni labarin. Wani maraya ne a wani ƙauye, yana kiwon awakin mutumin da ya riƙe shi, kowa na hantararsa. Sai wani baƙin duhu ya taso daga arewa (na lura masifa a littattafan nan tana son tasowa daga arewa, ban dai ce komai ba). Sarakuna sun rarrabu, manyan mayaƙa sun ƙare, sai ga wani tsoho mai farin gemu ya iso ƙauyen yana neman yaron.

Na ce, "To wane ne ubansa?"

Ta ce, "Kawu, ba a faɗa ba tukuna. Sai littafi na uku."

Na ce, "Bari ni in faɗa miki. Ɗan sarki ne. Akwai wani zobe da aka tsince shi da shi, ko wani tabo a kafaɗarsa."

Ta zaro ido. "Ka karanta ne?"

Ban karanta ba. 'Yan'uwansa na karanta, kuma suna da yawa.

Ban hana ta littafin ba, kuma ba na tare da masu cewa a hana. Ina da rigima da irin waɗannan littattafai na matasa, na ƙaramin jarumi da ke ceton duniya, amma rigimata daban ce da ta yayata.

Tsoronta ban raina shi ba. Uwa ce, kuma sihiri ba abin wasa ba ne a addininmu. Sai dai na tuna mata da abin da muka girma da shi. A tabarma ɗaya ni da ita muke kwanciya kakarmu na ba mu tatsuniyar Dodo mai haɗiye mutanen gari. A makaranta kuwa hukuma ce da kanta ta ɗora mana Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana saurayi ɗan shekara 22 don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, kuma Alhaji Imam na cikin labarin bai kai ga ruwan ba sai da taimakon aljanu. Gandoki na yayansa Bello Kagara, daga faɗa da Turawa ya zarce ƙasar aljanu. A Magana Jari Ce tsuntsu ne ke riƙe ɗan sarki da zance dare bayan dare, har ya ƙare da zama waziri. Malaman da suka koya mana waɗannan littattafai wasunsu su ke jan salla a unguwanninsu. Ajinmu guda, ban ji wanda ya fito boka ba. Yaron da ya san "ga ta nan ga ta nanku" ya san inda tatsuniya ta fara, ya san inda "ƙurunƙus" ta rufe ta.

Hani ma ai mun gwada shi. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a Kano a gaban 'yan makaranta. Rubutun bai mutu ba, cikin waya ya koma, inda babu bangon da uwa za ta gani balle ta ɗauko shi da 'yan yatsu biyu. Littafi mai kaurin bulo aƙalla ana ganinsa, ana iya cewa "ba ni labarin."

Kuma akwai abin da ke sa yaro ya hana idonsa barci a kan shafi 500, alhali shafi biyu na littafin kimiyya na sa shi hamma. Ɗan shekara 14 a wajenmu tun safe har dare abin da yake ji shi ne: yi shiru manya na magana, tashi ka ba wane wuri, me ka sani. A Najeriya kusan rabin jama'a ba su kai shekara 19 ba, a Nijar kusan rabi ba su kai 15 ba, amma a zauren da ake yanke shawara ba a tambayarsu ko ruwa suke so. Sai ga littafi ya zo ya ce masa manya sun kasa, kuma wanda aka tura ɗebo ruwa shi ne zai tsayar da duhu. Wane yaro ne ba zai lashe wannan zuma ba? Ba yaranmu kaɗai ba. Littafin farko na Harry Potter da ya fito a Landan a 1997, kwafi 500 aka fara bugawa. Yau jerin ya haura kwafi miliyan 500, a harsuna fiye da 80. Yunwar a ce kai ma mutum ne ba ta da ƙasa.

To a nan ne rigimata ta soma. Alkawarin da littafin ke yi a shafin farko shi ne karin maganarmu: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Je ka shafi na 400. Ashe hakin ba haki ba ne, allurar zinariya ce da ta faɗo daga fada ta ɓuya a cikin ciyawa.

Shi Harry Potter, yaron da ake kwantarwa a wani loko ƙarƙashin matakalar bene, ranar da ya cika shekara 11 sai ya ji ashe sunansa sananne ne tun yana jariri, iyayensa manya ne a duniyar matsafa, akwai tarin zinariya da ke jiransa a banki, akwai kuma duban da aka yi a kansa tun kafin a haife shi. Percy Jackson, wanda ya fito a 2005, yaro ne da ake kora daga makaranta zuwa makaranta, haruffa na rikice masa in zai yi karatu. Marubucin saboda ɗansa mai irin wannan larura ya ƙirƙiro shi, kuma wannan abin yabo ne. Amma maganin da labarin ya ba yaron shi ne ashe ubansa abin bautar teku ne na Girkawan dā. Da 'yan Najeriya mazauna Amurka suka shigo fagen na yi murna, na ce yanzu za a ga canji. Nnedi Okorafor a 2011 ta kawo yarinya zabiya 'yar shekara 12 a garin Aba, wadda rana ma ke hana ta buga ƙwallo. Littafi ne mai daɗi, amma can ciki sai ga kakarta ta wajen uwa, ashe babba ce a wannan harka. Tomi Adeyemi a 2018 ta gina duniyarta a kan al'adun Yarabawa, kuma a can ma baiwar gado ce, da farin gashi ake haihuwar mai ita. An sauya launin fatar jarumi, an sauya abincin da yake ci, amma jini na nan yana mulki.

Na san abin da masoya Harry Potter za su ce, kuma suna da gaskiya rabi. Labarin kansa yaƙi yake da masu alfahari da tsarkin jini. Yarinyar da ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ciki, iyayenta likitocin haƙori ne da ba su san komai game da tsafi ba. Duban da aka yi ma yana iya faɗawa kan wani yaro dabam, wani mai sanyin jiki da ake yi wa dariya a aji. Duk na yarda. Amma sunan wa ke bango?

Ku duba abin daga wajen mai karatu. Uwata ta kwana tana hawaye tare da marayan nan domin ita ma ta san zafin raini. Littafi na uku zai zo ya ce mata: ai shi daman ba irinki ba ne. Ita ta san ubanta. Tela ne, kakanta ma tela ne, babu zoben da aka tsince ta da shi, babu mujiyar da za ta kawo mata wasiƙa irin ta Harry Potter (da ma ta kawo, da uwarta ta kore ta da a'uziyya). An yi mata kyauta da rana, an aiko karɓa da dare.

Na faɗa mata haka, sai ta yi mini tambayar da har yau take ci mini rai. Ta ce, "To Kawu, in ba ɗan sarki ba ne, me zai sa mutane su bi shi?"

Ba littafin Turawa ne ya koya mata wannan ba. A gida ta same shi, littafin ya zo ya buga masa hatimi. Mu mutane ne masu tambayar asali kafin mu tambayi hali. Saurayi ya yi karatu, yana da sana'a, unguwa ta shaide shi, amma in aka tashi bincike sai wata gwaggo ta yi ƙasa da murya ta ce kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko maroƙi, maganar aure ta mutu a nan. Muna cin naman, muna kai jariri a yi masa aski ranar suna, amma ba mu haɗa jini. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji mu, kuma mun fi faɗinta in ɗan babba ya yi abin kirki, kamar kirkin ma a cikin gado aka raba shi. A siyasa ku ƙirga 'ya'yan tsofaffin gwamnoni da ministoci da ke kan allunan kamfe. Ba sai na kama suna ba, kowa ya san na jiharsa.

Babban labarin asalinmu ma haka aka gina shi. Mutanen Daura na fama da macijin rijiyar Kusugu, ba su ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, gari guda babu wanda ya iya, sai da baƙo ya zo. Baƙon kuwa ba fatake ba ne, ba makiyayi ba, ɗan sarkin Bagadaza ne. Daga nan labarin ya ci gaba da raba mutane gida biyu, 'ya'yan matar aure da 'ya'yan ƙwarƙwara, bakwai na halak da bakwai da aka laƙaba wa "banza". Amma ku sake sauraron labarin da kunnen basira. Wa ya ƙera wuƙar da aka sare kan macijin? Maƙeran Gaya. Wa ta sauki baƙon cikin dare, ta gaya masa halin da rijiyar ke ciki? Tsohuwa Ayana. Ba don ita da su ba, da ɗan sarkin Bagadaza ya kwana da ƙishirwa ya wuce. An ba shi sarauniya, an ba jikokinsa garuruwa. Tsohuwar sunanta kawai ya rage, maƙeran ko wannan ba su samu ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne tsofaffin matanmu sun fi marubutan Amurka ƙarfin hali. Tatsuniyar 'yar bora, yadda kakarmu ke ba mu ita, an tura yarinyar ta wanko ƙirgi a Ruwan Bagaja don a rabu da ita. Ta bi hanya tana gaida kowane kogi da ladabi. Ta isa wata bukka ta tarar da cinya da kare, abin da zai sa wani ya zura da gudu ko ya fashe da dariya, ita kuwa ta yi sallama, ta yi aikin da aka sa ta, da aka ce ta zaɓi ƙwai ta ɗauki ƙarami. Ta komo gida da dukiya. 'Yar mowa ta bi hanyar nan dai da rashin kunya, ta ɗauki babban ƙwai, ta kwaso wa kanta masifa. Ubansu ɗaya fa. Jini ɗaya, hanya ɗaya, jarrabawa ɗaya. Babu inda kakarmu ta tsaya ta ce ashe bora 'yar sarkin wani gari ce da aka sato. Matan da suka riƙe tatsuniyar nan da yawansu borori ne a gidajen mazajensu, sun san babu wani ɓoyayyen zobe da ke zuwa, shi ya sa suka rataya nasarar a kan abin da yarinya za ta iya yi da hannunta da bakinta.

Tambayar Uwata ma ai tsohuwa ce, tana cikin Baƙara. Da aka gaya wa Bani Isra'ila an naɗa musu Ɗalutu, cewa suka yi ta yaya zai yi mulki a kansu alhali su suka fi cancanta, kuma ba a ba shi yalwar dukiya ba. Masu tafsiri sun ce bai fito daga gidan sarautarsu ba. Wasu sun ce ruwa yake ɗebo wa mutane, wasu sun ce majemi ne. Ɗan ga-ruwa ko majemi, irin mutanen da gwaggo za ta yi ƙasa da murya a kansu. A cikin rundunarsa kuma, wanda ya kashe Jalutu shi ne Annabi Dawuda, alaihis salam, yana ƙaramin saurayi.

Ba duk littattafan ne suka faɗa wannan rami ba, kuma waɗanda suka tsallake su nake saya wa yara. Tolkien, malamin jami'a a Ingila, ya je yaƙin Somme a Faransa a 1916, manyan abokansa biyu suka mutu a can. Littafinsa na zobe da ya fito tsakanin 1954 da 1955 yana da nasa ɓoyayyen ɗan sarki, dogo mai takobin gado, amma ba shi aka ɗora wa kayan ba. Wasu gajerun mutane ne masu son abinci da zaman gida, waɗanda manyan duniyar ba su ma san da su ba. Ɗaya daga cikinsu mai gyaran lambu ne, yaron gida, wanda ya yi tafiyar da tukwanen girki a baya, kuma marubucin ya ce ƙananan sojojin da ya gani a ramukan yaƙi ne ya zana a jikinsa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙarshen. Mai ɗauke da zoben ya isa bakin wutar, sai ya kasa jefawa, zuciyarsa ta ci shi. Abin da ya ceci duniya shi ne wata ƙazamar halitta da aka sha samun damar kashewa aka ƙyale don tausayi. Ita ta gatse masa yatsa ta faɗa wutar da zoben. Takubba sun yi nasu, amma jinƙan da aka yi shekaru a baya, lokacin da babu wanda ya san zai yi rana, shi ya rufe zancen.

Ursula Le Guin a 1968 ta kawo yaro ɗan maƙeri mai kiwon awaki, mai duhun fata a lokacin da jaruman irin waɗannan littattafai kusan duk farare ne. Don ya burge wani abokin hamayyarsa a makaranta ya saki wata inuwa cikin duniya. Ta bi shi gari gari, daga baya shi ya juya ya bi ta, da suka haɗu a ƙarshen teku ya kira ta da sunansa, domin shi ce. Babu sarkin duhu a arewa, girman kansa ne.

Wanda na fi so kuwa ba kowa ya san shi a nan ba. Lloyd Alexander, wani Ba'amurke, ya rubuta littattafai biyar tsakanin 1964 da 1968 a kan wani yaro Taran, wanda muƙaminsa shi ne mataimakin mai kiwon alade. Mataimaki fa, ko shugaban kiwon bai kai ba. A littafi na huɗu ya fita neman asalinsa, yana addu'ar a ce jinin sarauta ne don ya iya neman auren gimbiyar da yake so. Sai wani gurgun makiyayin tumaki ya ce shi ne ubansa. Yaron ya zauna da shi yana taya shi aiki, amma kunya na cin sa, har ranar da tsohon ya faɗa kwazazzabo zuciyarsa ta raya masa ya bar shi a can ya huta. Bai bar shi ba, amma ya ga abin da ke cikin ransa, kuma wannan ya fi kowane dodo ba shi tsoro. Daga nan ya bi masu sana'a. Ya zauna da maƙeri ya ƙera takobinsa, ya zauna da tsohuwa masaƙiya ya saƙa mayafinsa, ya zauna da maginin tukwane, sana'ar da ya fi ƙauna, ya gano ba shi da hannunta, ya haƙura. A littafi na ƙarshe aka gaya masa gaskiya: a gefen filin yaƙi aka tsince shi yana jariri, babu wanda ya san ko ɗan wa ne, kuma ba za a taɓa sani ba. An dai naɗa shi sarki a ƙarshe, marubucin bai iya haƙura da rawani ba, amma aƙalla rawanin gumin yaron ne.

Akwai wani dalili da ya sa maganar "kai ne zaɓaɓɓe" ba ta kwanta mini, kuma wannan ba na raha ba ne. Mu mun ga tsoho mai gemu da ke zuwa wajen yaron da kowa ya raina, ya ce masa duniya ta lalace, manya sun ɓata, kai da 'yan'uwanka kaɗan ne aka zaɓa. Mutanen Kano sun gan shi a 'Yan Awaki lokacin rikicin Maitatsine a Disambar 1980, aka rasa rayuka fiye da 4,000, kuma da yawan mabiyan samari ne baƙi da birnin bai ba su wurin zama ba. Mutanen Maiduguri sun gani a 2009, har yau ba a gama kirga gawa ba. Ba ina cewa littafi ne ya jawo ba, yawancin yaran nan ba su taɓa riƙe ƙagaggen labari ba. Ina cewa ƙishirwar ɗaya ce, kuma wanda ya riga kai wa yaro ruwa shi zai bi. Ɗalutu ta bakin annabi aka naɗa shi, annabci kuwa an rufe. Littafin da ya nuna wa yaro cewa mai farin gemu na iya zama maƙaryaci, jarumi na iya kasawa a bakin wuta, mugun na iya zama inuwarka, rigakafi ne. Wanda kuwa ya raba duniya gida biyu, mu tsarkaka da su la'anannu, ya ce kashe su duka halak ne tunda ba mutane ba ne, wannan ina sa masa ido ko da babu boka ko ɗaya a cikinsa.

Namu marubutan fa? Littattafan yaƙi na kasuwar Kano sun yi aikin da ba a gode musu ba. Lokacin da ake cewa karatun Hausa na mata ne, su suka riƙe samari a shagunan haya, yanzu kuma suna nan a WhatsApp da YouTube ana sauraron su a cikin Keke Napep da shagon ɗinki. Na karanta su da yawa, ban kuma ji kunyar faɗa ba. Amma jaruminsu tun shafi na biyu ƙirjinsa kamar bango, sara ɗaya kawuna ɗari, in ba ɗan sarki ba ne to jikan sarkin yaƙi ne. Ba ka jin tsoro dominsa, lissafin gawa kawai kake yi. Garuruwan kuma kullum Misra, Sin, Kisra. Dutsen Dala na nan da tarihin Barbushe da Tsumburbura, Kufena na nan, Kwatarkwashi na nan, rijiyoyin marinar Ƙofar Mata da suka haura shekara 500 na nan, ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma na ratsa Tenere har gobe, amma marubucinmu sai ya yi hayar birnin da bai taɓa gani ba. Ahmadu Ingawa ma da ya ɗauko Iliya Ɗan Maiƙarfi daga tatsuniyoyin Rasha, ya bar mana abin da ya fi muhimmanci a ciki: Iliya gurgu ya taso, shekara da shekaru ba ya iya miƙewa. Shi ya sa duk wanda ya karanta yana tuna ranar da ya tashi tsaye fiye da yaƙoƙin da ya ci.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. A ba ni almajiri mai wankin kwanuka a gidan abinci, ko yarinya mai tallan awara, ko ɗan mahaucin da aka hana aure, a ɗora masa ƙaddarar gari, a bar shi da uban da ya haife shi har shafin ƙarshe. In mutane za su bi shi, marubuci ya sha wahalar nuna mana dalili: ranar da ya cika alkawari alhali babu mai gani, ranar da ya ji tsoro ya gudu ya dawo, sana'ar raini da ta zama ita ce mabuɗi. Zobe da tabo hanyar malalaci ce. Da jimla ɗaya ta amsa tambayar da ya kamata littafi guda ya amsa.

Yayata dai ba ta samu faɗan da ta nema ba. Mun yi sulhu a kan littafi ba ya shiga bargo, kuma sai an gama aikin makaranta. Na kai wa Uwata labarin Taran, ta yamutsa fuska da ta ji alade, ta karanta duk da haka.

Makon jiya na je gidan ta fito da wani littafin rubutu mai shafi 80, ta cika fiye da rabi da biro. Labari take rubutawa da Hausa. Wata yarinya ce 'yar mai ƙosai, a wani gari da rijiyoyinsa suka fara ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ita kaɗai ta lura da abin da ke faruwa domin ita ke fita ɗiban ruwa kafin asuba. Na karanta a tsaye. Na tambaye ta uban yarinyar, ta ce ya rasu, ɗan dako ne, amma ba ta gama yanke shawara ba, mai yiwuwa a littafi na biyu a gano wani abu.

Na ce, "Uwata, ki bar mata ubanta."

Ta ce, "Kawu, masu karatu ba za su yarda ba." Ƙawayenta bakwai sun karanta a aji, shida sun ce lallai a gano 'yar sarki ce, in ba haka ba labarin bai yi armashi ba. Na tambayi ta bakwai ɗin. Ta ce wannan ba ta ce komai ba, daman ba ta cika magana ba, uwarta wankau take yi a gidajen unguwar. Ita ce dai ta tafi da littafin gida, sai da aka yi kwana uku ana bin ta kafin ta dawo da shi.